Ana Saye Ana Dawowa da Shi: Yadda Wani Shago Ya Koyi Sayar da Mutum-mutumin Shara

Shagon da kayan

Shagon na kayan lantarkin gida ne, matsakaici: firji, injin wanki, fanka, dutsen guga da makamantansu. Akwai masu tsayawa da kwastoma su uku, da mai gyara ɗaya a ɗakin baya, da shafin intanet da ake yin oda ta cikinsa. Mai shagon ya daɗe a harkar, kuma ya saba da kayan da in sun fita sun fita kenan. Wanda ya sayi firji jonawa kawai zai yi a soket, babu mai koya masa komai.

Da dila ya kawo masa tayin mutum-mutumin shara, wato faifan nan mai taya da ke yawo a ƙasa yana zuƙe ƙura, in batir ya yi ƙasa ya koma mazauninsa ya yi caji da kansa, bai ga abin fargaba ba. Kayan sun jima a kasuwannin duniya. Kamfanin Electrolux na Suwidin ya fitar da Trilobite tun 2001, iRobot na Amurka kuma ya fitar da Roomba a watan Satumba na 2002 a kan kusan dala 200. Roomba na farko tafiyar kara-zube yake yi, ya bugi bango ya juya. Daga baya aka samu masu zana taswirar gida: na kamfanin Neato da hasken leza a 2010, Roomba 980 da kamara a 2015, sai mai mazaunin da ke kwashe sharar da kansa a 2018. Kamfanonin Sin irin su Ecovacs da Roborock suka shigo da ƙarfinsu, nau'o'i suka yawaita, farashi ya sauko.

Ya ɗauki nau'i biyar: biyu masu araha marasa taswira, biyu masu leza, da ɗaya mai kamara da mazaunin kwashe shara. Ya ƙara da 'yan ƙwayoyi na wani ƙaramin mutum-mutumin hira mai fuska a allo, don ya riƙa jan ido daga bakin ƙofa.

Wata na 1 zuwa na 3: kwalaye a kan kanta

An jera kwalayen a kantar sama, kusa da injunan shara na hannu. Mutane sukan sauke ɗaya, su juya shi, su yi tambaya kusan iri ɗaya: "Wannan ɗan abin ne zai share gida?" Ma'aikaci sai ya karanto abin da ke jikin kwali, ƙarfin zuƙa kaza, batir minti kaza. Lambobin ba sa faɗa wa mai saye komai, shi ma mai karantowar bai taɓa kunna injin ba. In hira ta yi tsawo sai ya karkata da kwastoma zuwa injin hannu, wanda ya san bayaninsa kuma kamashonsa a kai bai bambanta ba.

Cikin wata ukun ƙwayoyi kaɗan suka fita. Sauran suna sito, jari a kwance, batiransu na litiyam suna zubar da caji a hankali.

Wata na 4 da na 5: talla da rangwame

Mai shagon ya ɗauka rashin sani ne da tsada. Ya sa aka yi talla a Facebook da Instagram da bidiyon da kamfani ya bayar: falo fili fetal, babu waya a ƙasa, babu takalmi, injin yana shawagi, matar gida na zaune da littafi. Aka rubuta a kai cewa daga yau an huta da shara. Ya kuma yi rangwame mai yawa a kan nau'i biyun masu araha.

Ciniki ya tashi nan take, musamman ta intanet. Masu arahar suka kusa ƙarewa, har ya sake oda. Kafin sabon kayan ya iso, na farkon suka fara dawowa.

Shagon na da ƙa'idar karɓar kaya cikin kwana 14, irin wa'adin da dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi abu ta intanet, wanda shaguna da yawa a wasu wurare suka ɗauka don kansu. Ga firji wannan ƙa'ida ba ta taɓa cin shagon ba. Amma mutum-mutumin shara in ya yi kwana uku a gida ya zama tsoho: burushi ya sha gashi, matatar ƙura ta yi datti, gefensa ya karce. Ba ya sake sayuwa a matsayin sabo, dila kuma ba ya karɓar sai mai lalacewa ta asali. Kowane guda da ya dawo yana cinye ribar wasu da dama da suka tafi.

Wata na 6: littafin mai gyara

A takardar dawo da kaya kusan kowa "ba ya aiki" yake rubutawa. Mai gyara kuwa in ya ɗora injin a ƙasan ɗakinsa sai ya tashi lafiya ƙalau. Da abin ya ishe shi, ya buɗe littafi, ya fara fitowa da kansa yana tambayar duk wanda ya dawo da kaya, waɗanda suka aiko ta mota kuma ya buga musu waya.

Wata mata ta kawo nata a kwali, ranta a ɓace, ta ce daga rana ta biyu ƙara kawai yake yi yana tsaye. Ya kifa injin a kan tebur, ya buɗe murfin burushi, ya zaro wayar caja a nannaɗe, sannan ya sa ɗan abin yanka da ke zuwa cikin kwali ya tsaga dunƙulen gashin da ya shaƙe gefen burushin. Ya ajiye a ƙasa, injin ya kama hanya. Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, da ma ana buɗe wurin nan?" Ya ce, "Ana buɗewa, ranki ya daɗe, duk mako ma." Ta ce ita babu wanda ya gaya mata, kuma a tallan ba ta ga ana buɗe komai ba. Duk da haka ta karɓi kuɗinta. Zuciyarta ta riga ta fita daga kayan.

Da littafin ya yi kauri, dalilan suka fito fili, kuma kusan duka daga gidan suke tasowa.

Mafi yawa tun a matakin farko suke tsayawa, wurin haɗa injin da wayar salula. Wayfai na gida yakan zo da zango biyu, yawancin waɗannan injuna kuwa na gigahaz 2.4 kaɗai suke kamawa, wayar mai gida kuma tana kan na gigahaz 5. Manhaja ta yi ta juyawa, ta ce an kasa, ba tare da bayanin da mutum zai gane ba. Wasu a daren farko suka mayar da shi kwali, bai share ko taku ɗaya ba.

Sai dokin ƙofa. Galibin injunan ba sa haye abin da ya wuce kusan santimita 2, don haka a gidan da kowane ɗaki ke da tudu a bakinsa, ɗaki ɗaya injin ke sharewa. Sai baƙin kafet: a ƙarƙashin injin akwai 'yan idanu da ke harba hasken da ido ba ya gani su jira ya dawo, da haka yake gane bakin matakala kada ya faɗa. Baƙin kafet yana shanye hasken, injin ya zaci rami ne ya ja da baya. Masu leza suna da ɗan tudu a ka wanda ke kai tsayinsu kusan santimita 10, sukan maƙale a ƙarƙashin kujera, madubi mai kaiwa ƙasa kuma yana rikita musu taswira. Mai kamara yana son haske, a ɗaki mai duhu ɓata yake yi. Wasu sun cusa mazaunin caji a lungu, alhali kamfanoni suna neman a bar kusan rabin mita a kowane gefe da mita ɗaya ko fiye a gaba, sai injin ya kasa komawa, ya mutu a tsakiyar falo.

Akwai kuma waɗanda injinsu ya yi duk abin da aka ƙera shi ya yi, amma su wani abu daban suka saya a ransu. Sun jira ya hau matakala, ko ya fitar da tabon da ya bushe, ko ya share babban gida da injin da ba shi da taswira. Mafi yawan waɗannan ta rangwamen suka shigo.

Wata na 7: gyaran farko

Mai shagon ya karanta littafin, ya yi abu biyu. Ya buga takardar bayani mai shafi biyu aka riƙa sakawa a kwali, ya kuma sa a riƙa cire wani kaso daga kuɗin duk wanda ya dawo da injin da ba shi da lalacewa.

Takardar ba a karanta ta ba. A yawancin kwalayen da suka dawo tana nan a ninke yadda aka saka ta. Cire kuɗin ya rage dawowar kaɗan, amma ya jawo cacar baki a bakin kanta da sharhi masu zafi a shafin shagon, har suka fara taɓa cinikin firji da injin wanki. Ba a yi wata guda ba ya janye shi.

Wata na 8 da na 9: dandalin gwaji da tambayoyi

Shawarar mai gyara ce. Aka janye injunan wanki biyu daga gaban shago, aka keɓe fili mai mita 3 a kowane gefe. Rabi tayil, rabi kafet, da wani yanki na baƙin kafet a kusurwa. Aka kafa katako biyu a matsayin dokin ƙofa, ɗaya mai santimita 2, ɗaya mai 3. Aka ajiye gajeriyar kujera, aka bar wayar caja a yashe da gangan. A gefe akwai kwano da yashi, gashi da yagaggiyar takarda, kuma kwastoma ne ke watsawa da hannunsa inda ya ga dama.

Mai shagon da farko bai so katako mai santimita 3 da baƙin kafet ba. A ganinsa babu ɗan kasuwar da ke nuna wa mai saye inda kayansa ke gazawa. Mai gyara ya ce, "Maigida, in bai gani a nan ba zai gani a gidansa, a can kuma ba ma kusa." Aka bar su a kan za a gwada na wata ɗaya.

Gani ya kori ji. Mutane suka riƙa tsayawa, har da waɗanda fanka suka zo saye. Abin da ya fi tsayar da su shi ne lokacin da aka zaro ɗan akwatin ƙura bayan minti biyar aka juye a farar takarda. Da injin ya isa katako na biyu ya tsaya, ma'aikaci sai ya tambaya, "Akwai irin wannan a gidanku?" Daga nan hira ke komawa kan gidan mutum.

An ba kowane ma'aikaci injin ɗaya daga waɗanda aka dawo da su ya je da shi gida na mako guda. Bayan sun dawo, babu wanda ya sake karanto jikin kwali. An kuma rage nau'o'in daga biyar zuwa uku: ɗaya mai araha don ƙaramin gida mai ɗaki ɗaya ko biyu, ɗaya mai leza, da mai mazaunin kwashe shara.

Daga littafin mai gyara aka fitar da tambayoyi shida da ake yi kafin a ambaci farashi: tayil ne ko kafet, kuma wane launi, tsayin dokin ƙofofi, bene ne ko ƙasa, akwai dabba ko masu dogon gashi, akwai wayfai, da kuma wa zai riƙa ɗauke wayoyi da kayan wasan yara daga ƙasa kafin injin ya tashi. Ta ƙarshen ta fi sa mutane dariya, kuma ita ta fi raba wanda zai ji daɗin kayan da wanda zai dawo da shi. In amsoshin ba su dace ba, an umarci ma'aikaci ya faɗi gaskiya ya nuna injin hannu.

Umarnin bai yi aiki ba sai da aka taɓa kamasho. Muddin ana biyan ma'aikaci ranar da kaya ya fita, zai sayar wa kowa. Aka mayar da biyan zuwa bayan cikar kwana 14, in kayan bai dawo ba, aka kuma ɗan ƙara adadin. Ma'aikaci ɗaya ya yi ƙorafi sosai, biyun suka ga kuɗinsu bai ragu ba.

Wata na 10 zuwa na 12: ranar farko a gida

Dawowar kayan da aka saya a cikin shago ta ragu ƙwarai, amma matsalar wayfai da mazaunin caji tana nan. Sai aka fara raka injin gida. Ma'aikaci ya zaɓi wurin mazauni, ya haɗa manhaja, ya buɗe duk ƙofofi ya bar injin ya zana taswirarsa ta farko, ya ja layin hana shiga a kewayen madubi da inda wayoyin talabijin suke. Kafin ya tafi sai mai gida ya buɗe burushi da hannunsa ya mayar, ya juye akwatin ƙura, ya kaɗe matatar ƙura. Ana buga waya a rana ta 3 da rana ta 10, wato kafin wa'adin dawowa ya cika.

Da farko kyauta ake yi ga kowa, kuma lissafin bai fita ba. Zuwa ɗaya yakan ci sama da awa guda ban da hanya, ribar injin mai araha ba ta ɗauke wannan. Aka bar rakiyar ga nau'i biyun sama, aka shigar da kuɗinta cikin farashi maimakon rangwame. Masu ƙaramin injin da masu oda daga nesa aka riƙa yi musu ta kiran bidiyo. Wannan ya warware wayfai, amma bai kai zuwa da ƙafa ba, domin ta waya ba a ganin tudun bakin ƙofa da kyau.

A wannan lokacin ne tambayoyi biyu suka riƙa maimaituwa daga masu sayen na sama. Ta farko kamara. Wasu sun ji labarin da mujallar MIT Technology Review ta buga a watan Disamba na 2022, na hotunan cikin gidaje da injunan gwaji na Roomba suka ɗauka, waɗanda suka ɓulla a kafofin sada zumunta ta hannun masu aikin tantance hotuna. iRobot ya ce injunan gwaji ne da aka ba mutanen da suka amince, ba waɗanda ake sayarwa ba, amma mai saye ba ya zama ya rarrabe. Shagon bai tsaya musu ba. Wanda bai natsu da kamara ba, sai a nuna masa mai leza kawai, a kuma nuna masa cewa yana tashi da maɓallin jikinsa ko da babu intanet, sai dai zai rasa jadawali da layukan hana shiga.

Ta biyu: in kamfanin ya rufe fa? Tambayar tana da tushe. An rufe Neato a 2023. Amazon ya sanar da shirin sayen iRobot a kan dala biliyan 1.7 a watan Agusta na 2022, cinikin ya rushe a Janairun 2024 bayan adawar hukumomin Tarayyar Turai, iRobot ya sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa. Amsar shagon ita ce wata kanta da aka cika da matatar ƙura, burushi, jakunkunan ƙura da batir na nau'i ukun, a inda kowa zai gani.

Wannan tambaya ce ta kashe mutum-mutumin hira. Yara sun so shi, manya sun ɗauki bidiyonsa, amma da wuya a samu mai ciro kuɗi, don babu wanda ya iya faɗin aikin da zai ɗauke wa gida. Tarihin irinsa ma bai taimaka ba: Jibo, wanda aka tara masa kuɗi daga jama'a a 2014 ya fito a 2017, a 2019 aka sanar za a kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da shi, an fasa fitar da Kuri a 2018, kamfanin Anki mai ƙera irinsu ya rufe a Afrilun 2019. Aka bar guda ɗaya a bakin ƙofa, sauran aka mayar wa dila da asara.

Bayan shekara guda

Adadin da ke fita a wata bai kai na lokacin rangwame ba, amma ya ninka na watannin farko nesa ba kusa ba, kuma yawancinsa mai leza ne. Akan yi makonni ba a dawo da ko ɗaya ba daga cinikin cikin shago. Kantar kayan canji ta fara kawo kuɗin da ba a lissafa da shi ba tun farko, domin matatar ƙura na son canji duk bayan wata biyu zuwa uku, burushi kuma wata shida zuwa shekara. An daina amfani da bidiyon kamfani. Ana sa na gidajen kwastomomi, da izininsu, har da inda injin ya maƙale aka ciro shi. Sababbin masu saye da yawa sun ce a gidan wani suka fara ganinsa.

Abin da lamarin ya nuna

Rangwamen ne ya fi yin ɓarna. Ya tura injin da ya fi rauni zuwa gidajen da suka fi ƙarfinsa, ta hanyar da babu mai tambayar kowa komai, tallan kuma ya yi alkawarin hutun da injin ba ya bayarwa sai an gyara masa ƙasa. Takardar bayani ta faɗi ne saboda ta zo bayan an biya kuɗi. Cire kaso kuwa ya hukunta mai saye a kan abin da shago ya kasa faɗa masa.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, dandalin gwaji ya fi ɗaukar hankali, amma a ganina sauya lokacin biyan kamasho ya fi shi nauyi. Shi ya sa tambayoyi shidan suka zama na gaske, ya sa ma'aikaci zai iya barin ciniki ya wuce ba tare da ya ji an taɓa aljihunsa ba. Rakiya zuwa gida ita ta rufe ragowar ɓarakar, sai dai tana da tsada, kuma shagon da ribarsa ba ta kai ba ba zai iya kwaikwayonta yadda take ba. Dukansu kuma daga littafin mai gyara suka fito, wanda da an buɗe shi a wata na 4 da an tsira da odar nan ta biyu.

Cinikin intanet har yanzu bai daidaita ba. An saka tambayoyi shidan a shafin kafin wurin biya, mutane da yawa suna tsallakewa ko su amsa yadda suka ga dama, kuma mafi yawan abin da ke dawowa yanzu daga nan yake. Mai shagon yana tunanin cire injin mai araha daga shafin gaba ɗaya, a bar shi ga wanda ya zo da ƙafarsa. Ma'aikatan sun rabu biyu a kan shawarar, kuma ba a yanke ba tukuna.